MUJIYA DA 'YAN UWANTA: A DUBA KAFIN A JEFA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk cikin jama'armu da ke zaune a Kudu, babu wanda ya kai masu gadi yawan gamuwa da mujiya. Mutumin da ke kwana a ƙofar sito a Apapa, ko a bakin wani gida a Bodija ta Badun, idan dare ya raba sai ya ji wata ƙara kamar an yage ƙyalle, ya ɗaga kai ya ga wani farin abu ya gifta, ko motsin fiffike bai ji ba. Abin da yakan biyo baya shi ne a'uziyya, sa'an nan dutse.

A gida an ce tsuntsuwar mayu ce, wai in ta yi kuka a kan ɗaki mutuwa ta kusa. Yarabawa suna kiranta owiwi, su ma zargin da suke mata ke nan. Ashe ba ta da mafaka, Arewa ko Kudu. Shi ya sa in an tsani mutum akan ce an mai da shi mujiya. To, jama'a, bari mu dubi wannan da ake jifa, mu ga ko wace ce.

Da farko dai mujiya ba iri ɗaya ba ce. Wadda ke tsorata masu gadi ita ce farar mujiya: fuskarta fara fat, zagayayya mai tsini ta ƙasa, idanunta baƙaƙe, bayanta ruwan ƙasa-ƙasa, girmanta ya ɗara na tantabara. Tana son rufin sito, da hasumiyar masallaci, da kango. Akwai babba kuma, mai ruwan toka, wadda ta kusa kaza girma, da tukkaye biyu a ka kamar ƙaho, wadda aka fi gani a duwatsu da manyan itatuwan Arewa. Waɗannan tukkaye gashi ne kawai, ba kunnuwa ba ne. Kunnuwan suna ɓoye a gefen fuska. Wata kuma ƙarama ce, fuskarta fara da baƙin zane a gefe, idanunta jajaye kamar lemo. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce 'yar mitsitsiyar nan mai ɗigo-ɗigo, wadda ba ta kai kurciya ba. Ita da rana ma tana fita, kuma tana da baƙin tabo biyu a ƙeya masu kama da idanu, har ka rantse tana kallonka alhali ta ba ka baya.

Abubuwan da suka sa ake jin tsoron mujiya duk suna da dalili. Idanunta ba sa juyawa a cikin gurbinsu kamar namu, don haka dole ta juya kai gaba ɗaya. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, na mutum 7, shi ya sa takan murɗa kai har kashi uku cikin huɗu na zagaye. Tashinta ba ƙara saboda gefen gashin fiffikenta laushi ne da shi kamar auduga. Farar mujiya kuwa kunnenta ɗaya ya fi ɗaya tudu, watau da ji kaɗai tana iya gane inda ɓera yake a cikin duhu, ta sauka a kansa.

Wannan ɓera shi ne maganar. Shi ne babban abincinta, kuma gida ɗaya na mujiya mai 'ya'ya yakan cinye ɗaruruwansu a shekara. Masu karatu sun san zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969. Wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a cikin hatsi da gari, kuma jihohin Ondo da Edo, inda mutanenmu da yawa ke neman abinci, suna cikin inda ya fi yin ɓarna. A ƙasar Malesiya masu gonakin kwakwar manja har akwatuna suke kafa wa farar mujiya don ta zauna ta yi musu maganin ɓera. Mu kuwa ɗan kasuwa ya kashe ta da dare, da safe ya tafi sayen guba. A ganina wannan hasara ce biyu.

Na rana su ma suna da alamominsu. Shirwa ba ta da wuyar ganewa: ruwan ƙasa ce, bakinta rawaya, wutsiyarta a tsage kamar gwafa, tana murɗa ta a iska. 'Yar ci-rani ce kamar ku, don da rani takan cika sararin Ikko da Anacha, in damina ta kama ta bi ruwa zuwa Arewa. Shaho kuwa suna ne da muka haɗa wa tsuntsaye da dama. Wanda za ku fi gani a kan wayar lantarki a Kudu shi ne mai ruwan toka, mai baƙin layi ɗaya a farin maƙogwaro, kuma ƙadangaru ya fi ci, ba 'yan tsaki ba. A bakin ruwa da gonakin kwakwa akwai wata ungulu fara da baƙi wadda 'ya'yan kwakwar manja ne yawancin abincinta. Ungulun kwata da muka sani tun muna yara kuwa ta yi wuyar gani, saboda guba da masu sayar da kanta don tsubbu, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Yanzu da kusan kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, wanda ya ga irin waɗannan ya ɗauke su mana. Neman mujiya da rana ya fi sauƙi. A duba gindin itace ko bango inda farin kashi ya taru, da wasu dunƙule-dunƙulen gashi da ƙashi da takan amayar bayan ta ci ɓera. Inda suke, tana sama. Haka kuma in aka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a reshe ɗaya suna ta tsiwa, yawanci ita suka gano. A tsaya nesa, a bar rana a baya, a jingina hannu da bango don kada hoton ya yi rawa. Bayan asuba da gab da magariba su ne lokutan da suka fi kyau. Da dare kada a dalle mata fuska da tocila. A haska gefe, ko a naɗi kukanta kawai, don masana da kuka ma suna gane iri.

Sheƙa dai a nisance ta. Uwa mai 'ya'ya ba ta wasa. Wani shahararren mai ɗaukar hoton tsuntsaye na Ingila, Eric Hosking, ya rasa idonsa na hagu a 1937 da wata mujiya ta kai masa farce kusa da sheƙarta. 

Wanda ya sami hoto ya rubuta rana da wurin da ya ɗauka. Ma'aikatan Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya da ke Lekki za su iya gaya masa sunan tsuntsun, haka ma masana na cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, waɗanda suka soma aikin tsara taswirar tsuntsayen ƙasar nan a 2015 da taimakon rahotannin da jama'a ke aika musu.