Laftof ko Tab: Kafin Ɗalibi Ya Yi Musaya

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau jakar ɗalibin jami'a za mu buɗe, mu duba abin da ya fi komai tsada a cikinta, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, laftof a bakin ɗalibai. Akwai shawarar da ke yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai, daga Samaru ta Zariya zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke titin Gwarzo, har Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai: a sayar da laftof ɗin nan mai nauyi, a sayi tab, kwamfutar nan mai kama da faffaɗar waya wadda ake shafawa da yatsa. Ko kuma a kai ta kasuwa a yi musaya, a ba da ciko.

Ni dai tun farko zan faɗi inda na tsaya, don kada in ɓata muku lokaci: ɗalibin da kuɗinsa na na'ura ɗaya ne kawai, ya riƙe laftof ɗinsa. Amma masu son tab suna da hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi, don haka da ita za mu fara.

[Kiɗa]

Hujjar farko wuta ce. Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san abin da ke faruwa idan aka kawo wuta ƙarfe biyun dare: kowa ya zabura, soket guda mutum goma. Yawancin laftof ɗin da ke hannun yaranmu tokumbo ce, ta yi shekaru tana aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ta iso nan, batirinta ya riga ya gaji. Wata ma da an zare caji sai ta mutu nan take. Ita kuwa iPad, kamfanin Apple awa 10 yake cewa batirinta na yi, kuma cajarta wat 20 ce, alhali cajar laftof wat 45 ce ko 65. Ma'anar wannan a aikace ita ce, fawa bank mai ƙarfin 20,000, irin wanda ake cajin waya da shi, zai cika tab har ya yi saura. Ƙaramar solar nan ta ɗaki ma za ta iya da ita. Tsohuwar laftof mai caja mai zagayayyen baki kuwa sai dai a kai ta shagon caji, a biya, a zauna gadi. Waɗanda suka ga duhun watan Oktoban 2024, lokacin da akasarin jihohin Arewa suka haura mako guda babu lantarki, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Sai nauyi. Tab ba ta cika kai rabin kilo ba. Laftof da cajarta sukan haura kilo biyu, a bayan ɗalibin da zai hau adaidaita, ya sauka, ya taka daga ƙofar makaranta zuwa tsangayarsu cikin ranar bazara.

Sannan karatun jami'a a yau, rabinsa a waya yake isowa. Malami ya tura wa shugaban aji takardar lacca, shugaban aji ya jefa ta a zauren WhatsApp, kowa ya sauke. Karanta shafi 200 a fuskar waya azaba ce ga ido, kai shi a buga kuma kuɗi ne. A nan tab ta yi zarra. Ɗalibar koyon likitanci da ke fama da manyan littattafan ilimin sassan jiki za ta iya zuba su duka a ciki, ta buɗa hoto ta faɗaɗa shi, ta zana jijiya da alƙalamin tab ɗin, ta sa launi. Ɗalibin shari'a zai ja layi a ƙarƙashin hukuncin kotu. Ɗalibin Larabci da Nazarin Addinin Musulunci zai ɗauki Maktaba Shamila a hannu guda, ya yi ta'aliƙi a gefen shafi da rubutun hannunsa. Mai lissafi da kimiyyar sinadarai ma, alamominsu sun fi sauƙin rubutawa da hannu a kan lalube a madannai.

Masu tallar tab sukan kawo wani bincike da Pam Mueller da Daniel Oppenheimer suka wallafa a Amurka a 2014, inda suka ga ɗaliban da suka rubuta lacca da hannu sun fi masu bugawa a laftof amsa tambayoyin da ke neman fahimta. Dalilin da suka bayar shi ne mai bugawa yakan kwafe maganar malami kalma bayan kalma, mai rubutu da hannu kuwa hannunsa ba ya cim ma bakin malami, dole ya tace, ya taƙaita. To amma a lura, da biro da takarda aka yi gwajin nan. Littafin rubutu na kantin bakin makaranta ma zai ba ka wannan ladar. Kuma da wasu masanan suka maimaita gwajin daga baya, bambancin bai fito fili haka ba.

[Kiɗa]

To ina gizo ke saƙar? Yana saƙa ne a ranar da malami zai daina cewa ka karanta, ya ce ka kawo.

A ajin farko da na biyu, ɗalibi karɓa yake yi. Daga aji uku abin yake juyawa: rahoton koyon aiki na SIWES, takardar gabatarwa a gaban aji, sai uwa uba furojek ɗin kammalawa, babi biyar cif. A nan ne ɗalibin kimiyyar zamantakewa, ko na ilimi, ko na kasuwanci, zai raba takardun tambayoyi, ya tattaro, malamin da ke duba aikinsa ya ce masa, je ka ka zuba su a SPSS. Manhajar SPSS kuwa babu ita a iPad, babu ita a tab mai Android. Ɗalibin zanen gine-gine yana buƙatar AutoCAD da Revit. AutoCAD na tab ɗan taƙaitacce ne, ya fi dacewa da duba zane da ɗan gyara, Revit kuwa sai Windows. Injiniya zai nemi MATLAB, ya tarar da cewa wanda ke kan tab ba a cikin tab ɗin yake lissafi ba, sai ya haɗu da intanet. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta kuwa, ƙanena, kada ma ka fara wannan tunanin. Sashenku da laftof aka gina manhajar karatunsa.

Ko rubutu zalla ma akwai magana. Eh, akwai Word a tab. Sai dai ba duk abin da ke cikin na kwamfuta ne aka zuba a cikinsa ba, kuma a ƙa'idar Microsoft, idan fuskar na'urar ta wuce inci 10.1, sai ka biya kuɗin rajista kafin ka yi rubutu ko gyara a ciki. Yawancin iPad na yanzu sun wuce wannan girman. Ga tsara manazarta: manhajar Zotero da ke jera sunayen littattafai da kanta a ƙarshen aiki, a cikin Word na kwamfuta take yin wannan hidimar. Ka ƙara da halin malamanmu, Allah ya saka musu da alheri. Malam zai dawo maka da babi na biyu da jan biro tun daga sama har ƙasa: gyara tazarar layi, lambar shafukan farko ta zama ta Romawa, wannan jadawalin ya koma kwance. Irin wannan aikin yana son linzami, da faffaɗar fuska, da taga biyu ko uku a buɗe lokaci guda. Da yatsa a kan gilashi, abin da za a gama bayan la'asar sai ya kai mutum tsakar dare.

Abin da yakan biyo baya kowa ya sani. Mai tab ya koma aron laftof ɗin abokin ɗaki, a daidai makon da shi ma abokin yake neman tasa ido rufe. Ko ya tafi shagon buga takardu ya biya kuɗin kowane shafi, kowane gyara kuma sabon biya.

Akwai kuma wani abu da ba a cika kawowa a lissafi ba, wato hannu. JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta mayar da ita gaba ɗaya haka. Jami'o'i da dama sun bi sahu a darussan gama-gari. Jarrabawar ɗaukar aiki ma yanzu a gaban madannai da linzami ake zama. Yaro da yawa a wajenmu laftof ɗin jami'a ce kwamfutarsa ta farko a rayuwa, a kanta yake koyon bugu da yatsu goma, da Excel, da yadda ake adana fayil a nemo shi. Shafa gilashi kuwa ya riga ya iya tun a waya. Ranar da ya je bautar ƙasa aka zaunar da shi a ofis, tebur da kwamfuta za a nuna masa.

[Kiɗa]

Bari mu je kasuwa, don a can ake yanke hukuncin gaskiya. Wanda ya ɗauki laftof ya nufi Farm Centre ko titin Beirut a Kano da niyyar musaya, ya sani cewa ɗan kasuwa zai saya ne a farashin da zai sake sayarwa ya ci riba, wannan kuwa halal ɗinsa ne. Kenan tun a taki na farko ka yi asara. Sannan farashin da aka faɗa maka na tab, na gilashin ne kawai. Alƙalamin Apple daban ake sayar da shi. Madannai daban. Riga daban. Abin da za ka jona filashi da shi daban. Samsung dai takan sako alƙalaminta a cikin kwalin wasu samfuran, kamar Galaxy Tab S6 Lite, wannan ya rage zafi. Amma idan ka tara kuɗin tab da madannai da alƙalami, sau da yawa ka kai kuɗin laftof mai kyau, ka kuma dawo da nauyin da ka guje wa.

Gyara fa? Tsofaffin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka cika kasuwanninmu, da sukurudireba ake buɗe su. A yawancinsu mai gyara zai canza batiri, ya ƙara ƙwaƙwalwar RAM, ya cire tsohon faifan ajiya ya sa SSD, duk kana zaune a benci. Tab kuwa da gam aka manne ta, ƙwaƙwalwarta a like take, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Ta faɗi sau ɗaya a kan siminti, kuɗin gilashi kaɗai ya isa ya sa mutum zazzaɓi. Ɗalibin da ke jiran Naira 20,000 ta asusun lamunin ɗalibai na NELFUND a wata ya yi wannan lissafin da kyau.

Shi ya sa nake cewa, kafin ka rabu da laftof, tambayi kanka me ta yi maka. Idan amsar ita ce ba ta riƙe caji, batiri za ka saya. Idan jan jiki take yi kafin ta buɗe, SSD za ka sa mata, ka ga yadda za ta farfaɗo. Waɗannan biyun a haɗe ba su kai kuɗin tab mai kyau ba.

Sai dai akwai laftof ɗin da lokacinta ya ƙure da gaske. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba, Windows 11 kuma a hukumance ba ta hawa sai kan injin Intel zubi na 8 zuwa sama, ko takwaransa na AMD. Tsohuwar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da aiki, amma kariyarta daga ƙwayoyin cutar kwamfuta za ta riƙa raguwa, ga filashin ɗalibai da ke yawo daga shago zuwa shago. Mai irin wannan, idan zai yi musaya, ya yi ta da wata laftof ɗin da ta fi ta ƙuruciya, ya kuma tambayi zubin injin kafin ya tambayi launi.

Su wa tab ta dace da su ke nan? Wanda yake da laftof, Allah kuma ya hore masa ƙari, ya sayi tab ta zama abokiyar tafiya aji, laftof ta zauna a ɗaki. Ga wannan ma ba sai mai tsada ba, matsakaiciya mai alƙalami ta wadatar. Sai wanda karatunsa kusan duka karantawa ne da hadda, kuma akwai kwamfuta a gida ko a sashensu da ya tabbata zai samu idan furojek ya zo. Wanda kuma ya nace sai na'ura ɗaya mai yin aikin biyu, akwai irin su Surface Pro na Microsoft, siffar tab amma cikakkiyar Windows ce a ciki; ya dai sani gyaranta a nan ba wasa ba ne.

Iyayenmu masu fitar da kuɗin, shawara ɗaya gare ku, ranku ya daɗe: kada ku tsaya a kan abin da ɗan aji ɗaya ya faɗa muku. Ku sa shi ya nemo ɗan ajin ƙarshe a sashensu, ya tambaye shi da wace manhaja ya yi furojek.

Idan kuma an riga an yanke shawara sai tab, kuma tokumbo za a saya, to a kula. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma akwai ramin da ba a gani sai an je gida. Tun 2013 Apple ta sa wa na'urorinta makullin iCloud: idan mai ita na farko bai cire asusunsa ba, ranar da aka goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa, in babu, shi ke nan, ta zama farantin gilashi. Android ma tana da irin wannan makullin na asusun Google. Don haka a sa mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, ka shigar da naka asusun da hannunka, ka gwada alƙalami a kowace kusurwa ta fuskar, ka jona caji ka ga yana hawa. A duba ko samfurin yana karɓar sabuntawa har yanzu, don tsohuwar tab takan kai matsayin da sababbin manhajoji ke ƙin hawa kanta. A karɓi rasit mai lambar na'urar, sannan a miƙa kuɗi.

A nan za mu dasa aya a shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]