Ƙungiyar Malamai da Karatun 'Ya'ya Mata a Karkara

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro, mace ko namiji, karatun shekara 9 kyauta. Sai dai a ƙauyukanmu iyaye da dama kan cire yarinya da zarar ta fara girma, musamman inda babu malama ko ɗaya.

A nan ne Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, wato NUT, wadda aka kafa a 1931, take da ta cewa. Reshenta na ƙaramar hukuma yana iya neman Sakataren Ilimi ya tura malamai mata makarantun karkara, a kuma ba wadda ta cancanta shugabancin makaranta. Muna kira ga hakimai da dagatai da su tanadar musu masauki, domin rashinsa kan mayar da su gari.