Kano zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgi?

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, tazarar ta kai kilomita 3,400 da 'yan kai idan aka miƙe sak. Babban jirgin fasinja kuwa yakan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa guda bayan ya lula sama ya daidaita. In aka bi lissafi zalla, awa huɗu ke nan. Amma jirgi ba ya tashi da wannan gudun, ba ya kuma sauka da shi. Sai ya hau a hankali har ya kai kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, in ya kusa isa ya rage gudu, wani lokacin ma ya yi ta shawagi yana jiran izinin sauka. Shi ya sa alhazai suka saba da awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne wurin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ke rubuce a tikiti na garin da za a tashi ne da na garin da za a sauka. Wanda ya bar Kano ƙarfe 10 na dare zai ga an rubuta masa sauka ƙarfe 5 na asuba, ya ɗauka awa bakwai zai yi a kujera, alhali biyar ce. A dawowa kuma sai tikitin ya nuna kamar awa uku. Mai zuwa tarbar mahaifiyarsa a filin jirgi, ko mai shan magani a kan ƙa'idar lokaci, bai kamata wannan ya shige masa duhu ba.

Sai kuma hanya. Miƙaƙƙiyar hanyar Jidda ta ratsa sararin Chadi da Sudan ne kafin ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan shekarar suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya tashi.

Iska ma tana da nata rabon. Tsakanin Landan da New York, mai zuwa gabas yakan yi kusan awa bakwai, mai zuwa yamma kusan takwas, saboda wata ƙaƙƙarfar iska da ke kaɗawa daga yamma a can sama.

A ganina, kafin mutum ya biya kuɗin tikiti mai araha, ya tambayi ejan ko jirgin zai yada zango. Wanda zai bi ta Alƙahira ko Adis Ababa yana iya yin wuni guda cur a hanya, kuma zaman jira a filin jirgi yakan wahalar da dattijo fiye da zaman cikin jirgin.