GYAƊA DA SUKARIN JINI GA MASU ƘIBA

Hakimai da malamansu yawancin aikinsu a zaune yake, ga kuwa akushi ba ya yankewa a zaure. Irin wannan zama shi ke kawo ƙiba da teɓa, ƙiba kuwa ita ce babbar ƙofar ciwon sukari ga wanda ya manyanta.

Ga yadda abin yake. Tuwo da shinkafa da fura da burodi, in sun shiga ciki, sai su narke su zama sukari, su bi jini. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ke kwashe sukarin nan ya shigar da shi cikin tsoka. To, in kitse ya yi yawa, musamman na ciki, sai jiki ya daina jin insulin sosai, sukari ya yi ta taruwa. Wanda aka auna jininsa da safe kafin ya karya kumallo, aka sami ma'auni 126 ko fiye har sau biyu, likitoci sun ce yana da ciwon.

Gyaɗa ba haka take ba. Kusan rabinta mai ne, rubu'inta kuwa abin gina jiki ne irin na nama da wake, abin da ke zama sukari a cikinta kaɗan ne. Saboda haka takan daɗe a tumbi, ba ta tayar da sukarin jini farat ɗaya, har ma takan rage saurin tashinsa in an haɗa ta da abinci mai gari. Haka ƙwayar yazawa take, sai dai gyaɗa ta fi ta ƙarancin sukari. Goro fa ba ya cikin wannan lissafi.

A shekarar 2002 masana na Jami'ar Harvard a Amurka suka bayyana binciken da suka yi kan mata ma'aikatan jinya fiye da 83,000, waɗanda aka bi shekara 16. Masu cin gyaɗa da danginta sau biyar ko fiye a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 27 cikin 100 bisa na waɗanda ba su ci. Amma kada a ɗauka magani aka samu. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna ragin da take yi wa sukarin jini ɗan kaɗan ne, bai kai na rage ƙiba da yawan tafiya a ƙasa ba.

Inda mutane ke kuskure shi ne wajen yawa. Abu mai mai haka, wanda ya zauna da kwano yana watsawa a baki har la'asar ƙiba zai ƙara. Cikin tafi ɗaya a yini ya isa, watau wajen giram 28, a kuma ci shi a maimakon wani abu, kamar ƙosai ko biskit ko lemon kwalba, ba a bisansu ba. Gyaɗar da aka tuya da sukari, da kunun gyaɗa da aka zuba wa sukari, sun ɓata amfanin. Mai hawan jini ya bar mai gishiri.

A kuma kula da ajiya. Gyaɗar da ta sha laima ta yi fumfuna tana da dafi mai lalata hanta. A 1960 aka gano shi, sa'ad da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Ƙwayar da ta yi ɗaci ko ta sake kama a zubar.

Wanda likita ya riga ya ɗora bisa magani kada ya bari don yana cin gyaɗa. Mai ƙiba da ke yawan jin ƙishirwa da yawan fitsarin dare, hakimi ya tura shi asibiti a auna jininsa.