Wutar Agashe da Daren Hausawan Bakin Nilu

A tsakiyar Sudan zafin rana ba ya barin mutum ya sake. Sai an idar da magariba, iska ta fara kaɗowa daga kogi, sannan ake fito da gadajen igiya da suke kira angareb ƙofar gida, mata masu shayi su jera kujeru, hayaƙi ya turnuƙe bakin kasuwa. Daga Wad Madani zuwa Sinnar har Damazin, idan ka bi ƙanshin hayaƙin nan, sau da yawa gaban mai agashe zai kai ka. Agashe kuwa tsirenmu ne, wanda ya bi ayarin mahajjata ya yi gabas, bai dawo ba.

Hanyar Makka ta ƙasa tsohuwa ce, amma babbar hijira ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Nilu Shuɗi, kudu kaɗan da Sinnar, suka kafa garin da har yau ke amsa sunansa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai neman hannun aiki ya tashi. Alhazan da guzurinsu ya ƙare suka tsaya cirar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa, shekara ta koma shekaru, 'ya'ya suka haifi jikoki. Masani Bawa Yamba, a littafin da ya fitar a 1995, ya tarar da mutanen da aka haifa a Jazira amma suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su kai Makka ba tukuna. Mutumin da bai da filin noma na kansa dole ya riƙe sana'ar hannu, su kuwa sun zo da fawa da su da gashi.

Aikin agashe tun la'asar yake farawa. A yanka naman falle-falle, ba kauri, a soke a tsinke, a birkiɗa shi cikin garin gyaɗar da aka matse wa mai, wanda aka haɗa da barkono da citta da gishiri da sauran kayan ƙanshi. Kowane mai gashi da nasa haɗin, ba ya kuma faɗa wa maƙwabcinsa. Gwanintar tana wurin wuta. A tsohon salo ba a ɗora naman bisa garwashi. Tukuba ake yi ta ƙasa ko yashi, a hura wuta a tsakiya, a kafa tsinkaye kewaye da ita, zafi ya riƙa ratsa naman a hankali ba tare da gyaɗar ta ƙone ta yi ɗaci ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire a Kano zai gane wannan da kallo ɗaya. Ana yi da naman sa, ana yi da kaza, a garuruwan bakin ruwa kuma, inda Hausawa suka yi suna wurin kamun kifi, har da kifi. A yanka albasa, a matsa lemun tsami, a haɗa da burodi. Ƙasar ma ta taimaka, domin gyaɗa na cikin manyan amfanin gonar Jazira.

Kowace al'umma tana da abin da take taruwa a kansa da dare.  A Sudan Shugaba Numairi ya haramta giya a Satumbar 1983, ƙauyukan Hausawa kuwa tun kafin dokar an san su da makarantun allo da zikirin Tijjaniyya. Abin da ke riƙe hira a nan shayi ne da gahawa mai citta, wadda ake zubowa daga 'yar tukunyar ƙasa da ake kira jabana. Kofi ɗaya sai ya ɗauki mutum awa guda, ana maganar farashin dawa, da rabon ruwa a magudanai, da wanda ya samu tafiya Saudiyya. Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, a ƙaro sukari?" da Hausa, ya juya ya amsa wa direban mota da Larabci.

Ana yawan mantawa da hannun mata a wannan dare. Godogodo, haɗin gero da nono wanda ɗan'uwan furarmu ne, daga cikin gidaje yake fitowa, 'yan mata ke tallarsa, kuma Larabawan Sudan sun karɓe shi kamar yadda suka karɓi agashe.

Da azumi abin ya fi armashi. Maza ba sa buɗa baki a ɗaka; kowane gida ya fito da tirensa a shimfiɗa tabarmi a titi, ga asida, ga ruwan hilu-mur. Mutanen ƙauyukan Jazira da ke kan hanyar Kartum zuwa Madani har tare motoci suke yi dab da magariba, su tilasta wa matafiya saukowa su sha ruwa. Bayan tarawihi kuma kasuwar mai agashe ta buɗe.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙasar da ta rungumi naman ba ta gama rungumar mai gasa shi ba. Da yawa daga jikokin ma'aikatan auduga har yau a kanabi suke, wato sansanonin leburori na gefen gonaki, ba takardar fili, ba isasshen ruwa ko makaranta. A Yulin 2022, neman da Hausawan jihar Nilu Shuɗi suka yi na samun sarautar gargajiya tasu ya rikiɗe ya zama faɗa da wasu ƙabilun yankin, aka rasa rayuka sama da ɗari, rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Kartum da wasu birane, suna cewa su 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba. Sai kuma babban yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023. Dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar shekarar, suka shiga garin Sinja a tsakiyar 2024, sojoji ba su ƙwato Madani ba sai Janairun 2025. A tsakanin nan fita bayan magariba ta zama kasada, an wawashe kasuwanni, an kora dabbobi.

Waɗanda suka tsere sun tafi da sana'arsu. A unguwar Faisal ta Alƙahira, inda 'yan gudun hijira suka yi yawa, gidajen abinci na sayar da agashe a matsayin abincin Sudan, Misirawa suna saye. Ban ga laifin wannan suna ba, domin kakannin masu gashin nan sun fi shekara ɗari suna binne mamatansu a bakin Nilu.