Shin Ko Kun San Yadda Naushi Ke Fitowa Daga Takarda?

Shin ko kun san a littattafan labarai cikin zane na Amurka akwai shafin da ba ya ɗauke da labari ko kaɗan? Jarumi ne shi kaɗai ya cika shafi, don yaro ya yanke ya manna a bangon ɗakinsa. Shi ya sa suke ce masa pin-up. Jack Kirby ya zana irinsu a Fantastic Four, wanda kamfanin Marvel ya fara fitarwa a 1961. Shafi ne mai wuya, tunda da hoto guda za a nuna halin mutum da ƙarfinsa.

Ko kun san dabarar da ke sa shimfiɗaɗɗiyar takarda ta yi zurfi ta girmi waɗannan littattafai da shekara ɗari biyar? A farkon ƙarni na 15 wani magini ɗan Italiya, Filippo Brunelleschi, ya zana wani gini a kan allo, ya huda allon. Mutum ya leƙa ta hudar daga baya, yana kallon zanen a madubi. Da an kawar da madubin sai ga ainihin ginin, kamar an tsaga kara. A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojin a littafi.

Ku dubi layin dogo, yadda ƙarafansa biyu ke matsowa har su haɗe can nesa. Wannan mahaɗar ita ce asirin. Mahaɗa ɗaya ta isa a zana lungu, biyu su ba da kusurwar gini. Ta uku kuwa, wadda ake sawa can sama ko can ƙasa, ita ce ke sa cikinka ya ɗuri ruwa in ka ga Spider-Man yana lilo tsakanin dogayen benaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne, sau da yawa mahaɗar ba ta faɗawa cikin takardar. Sai mai zane ya kafa 'yar ƙusa a gefen tebur, ya ɗaura mata zare, ya riƙa jan zaren zuwa kowace taga da kowane tubali yana bi da fensir. Mai karatu ba zai taɓa ganin ƙusar nan ba, amma da an karkace idonsa zai gane.

Ko kun san matsayin idonku ma mai zane ne ke zaɓa muku? In ya saukar da shi ƙasa, kamar kana kwance a gaban jarumi, sai jarumin ya yi kwarjini. In ya ɗaga shi sama, mutumin ya zama abin tausayi. Nan ne Kirby ya yi zarra: zai zana dunƙulallen hannu ya fi kan mai shi girma, ya taƙaita damtsen, sai ka ji kamar ka kauce.

Ko kun san da tsawon kai ake auna tsawon mutum a zane? Mai zane Andrew Loomis, a littafinsa na 1943, ya ba mutum na yau da kullum kai bakwai da rabi, jarumi kuma tara.

Takardar zanen ma ta fi ta littafin girma, inci 11 da 17, sai wajen bugawa a rage ta. Layukan awon kuwa da shuɗin fensir ake jansu, launin da kyamarar ɗab'i ta da ba ta ɗauka.