Aljihu Biyu a Gida Ɗaya

Duk mai son sanin arzikin gidan manomi a Kafur ko Gozaki, maigida yake nema: buhun masara nawa ya samu bana, audugar da ya kai Funtua nawa ta yi. Da an rubuta amsarsa sai a rufe littafi. Wannan rabin lissafi ne, kuma masana sun daɗe da nuna haka. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa, ta wallafa maƙala a 1969 kan cinikin da ba a gani a kasuwa: mata na cikin kulle, amma hatsi, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa da fura na yawo daga gida zuwa gida a kan yara. Richard Longhurst ya bi sawun aikin mata a Dayi, ƙasar Malumfashi, a shekarun 1970, ya tarar da irin wannan tsari. Aljihu biyu ne a gidan Bahaushe. Miji na iya sayar wa matarsa gyaɗa, ta biya shi, ta matse mai, ribar tata ce. Idan ya ranci kuɗinta, bashi ne, sai ya biya.

Wani zai ce ai shari'a ta ɗora ci da sha da tufatarwa a wuyan miji, don haka kuɗin mace ba na gida ba ne, a biki da kwanuka suke ƙarewa. Hukuncin haka yake, amma a dubi inda kuɗin ke kwana. Akuyar da ta saya da ɗaukar adashi, ita ake ja zuwa kasuwa ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaro. Gudummawar biki kuwa ajiya ce a hannun ƙawaye, tana dawowa ranar da aka aurar da 'ya, har da ƙari. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, gidaje da yawa da kuɗin ɗaki suke cefane, sai dai kunya ba ta barin a faɗa a zaure.

Rashin ganin wannan aljihu yana da tsada. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, hankalinsa na kan taki da iri da gonar maigida. Mai sarrafa amfanin a tsakar gida ba ta cikin lissafi. Har yau ba a cika neman ta ba idan za a raba rance.

Akwai suka guda da ba ta kauduwa cikin sauƙi, wato talla. Binciken Enid Schildkrout a Kano ya nuna sana'ar matar kulle a kan ƙafar 'yarta take tsaye, kuma makaranta ce ke biyan diyya. To amma uwar da ke tara kuɗin kayan ɗaki ba za ta sauke farantin don an yi mata wa'azi ba, sai ta ga wata hanyar da kayanta za su kai ga mai saye.